Hatsin da Ke Barin Ƙauye da Kaka

Sau biyu a shekara hatsi yake tafiya tsakanin Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma duk wanda yake zaune kusa da tasha ko bakin babbar hanya ya san lokutan nan ko da bai taɓa riƙe hauya ba. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, amalanke da a-kori-kura da manyan motoci suna shigowa gari daga wajen Madarumfa da Gidan Rumji da Agye da Mayahi, an lafta musu buhunan hatsi da dawa da wake. Da damina kuwa, musamman a Yuli da Agusta lokacin da marka ta sauka, hatsin yana komawa inda ya fito, sai dai ba a manyan motoci ba: rabin buhu a bayan kabu-kabu, tiya goma a ƙulle cikin zane, ɗan abin da za a yi fura da tuwo na kwana uku. Abin da ya fita da araha shi ne yake komawa da tsada, kuma sau da yawa wanda ya sayar shi ne mai saye.

Ina cikin dubban mutanen garin nan da aiki ya zaunar da su birni amma cibiyarsu tana binne a ƙauye: malaman makaranta, ma'aikatan likita, masu shaguna, direbobi, teloli. Babu wanda zai kira mu marowata, domin da wuya a sami gidan mai ɗan samu a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam da ba a aika wani abu gida da damina. Waya takan shigo bayan sallar isha'i, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi iyali da aiki da ruwa, sa'an nan murya ta yi ƙasa a ce an kai gindin rumbu. Washegari mutum ya je Nita ko Al Izza ya tura abin da ya samu, ko ya sayi rabin buhu ya ba direban da ke zuwa garinsu ranar kasuwa. Wannan alheri ne, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne lokacin da muke yin sa. Taimakonmu yana isa ne wata takwas ko tara bayan ranar da ɗan'uwanmu ya auna hatsinsa ya ba ɗan kwarami, alhali da ya isa a wannan ranar, da hatsin bai bar gidan ba.

A majalisa nakan ji ana cewa mutanen ƙauye ba su da tattali, wai da zarar amfanin gona ya zo gida sai su kwashe su kai kasuwa kamar damina ba za ta sake zagayowa ba. Wannan magana ba ta yi musu adalci ba. Manomi ya fi kowa sanin abin da tiya take kaiwa a watan Agusta, domin shi ne ya saye ta bara. Abin da ke fitar da hatsi daga rumbu shi ne, duk buƙatun kuɗi na shekara suna haɗuwa a ƙofar gidansa cikin makonni kaɗan. Wanda ya ba shi bashi da damina ya yi haƙuri har ya ga an ɗaure dami, yanzu ya zo karɓa. Ga kuɗin takin zamani da aka ɗauka bisa alkawari, ga na maganin masassara, wadda take kwantar da yara daidai ƙarshen damina. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, da littattafai da tufafi. Mai gari yana tunatar da lanho, wato haraji. Auren da aka ɗage tun bazara an sa shi bayan kaka, samarin gidan da za su tafi bida Kano ko Agadas ko Libiya kuma suna jiran kuɗin mota. Duk waɗannan da kuɗi ake yin su, shi kuwa manomi ba shi da albashi, ba shi da ajiya a banki. Abin da ya mallaka wanda za a iya mayarwa kuɗi nan take shi ne hatsi, sai ko akuyar matarsa. Tun da kuma kowa a yankin yana cikin wannan hali a lokaci guda, kasuwa takan cika maƙil, farashi ya faɗi.

Hatsin da ake ɗiba ana sayarwa ma, tun asali ba isasshe ba ne. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, mafi yawansu a kudu inda ƙasar noma take, kuma gonar da kakanmu ya noma da ƴaƴansa gado ya yanyanka ta tsakanin gidaje da yawa. An daina barin gona ta huta, domin babu inda za a koma. Gidan da abin da ya girbe ba zai kai shi wata takwas ba, shi ne kuma ake tilasta wa ya sayar da na wata biyu.

Wanda yake son ya ga abin da idonsa, ya je kasuwar ƙauye ranar da take ci a watan Nuwamba. Tun kafin a shiga kasuwar, a bakin hanya ƙarƙashin gawo, masu saye sun buɗe bakin buhuna sun zauna suna tare matan da ke tahowa da kaya a ka. Na taɓa tsayawa na kalli wata mata ta sauke kwandon hatsi da ta sussuka ta sheƙe da hannunta, tas, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi. Mai awo ya nutsa tiyarsa ya ciko ta, ya yi mata tozo, sa'an nan ya kare gefenta da tafin hannu da damtse don kada tozon ya zube, ya juye a buhu. Abin da ya hau hannun nan bai shiga lissafi ba. Da ya gama ya ce shida, ita kuwa ta ce bakwai ta auna a gida, ya ce mata tiyar gida ba ta kasuwa ba ce. Ba ta yi gardama ba, ta karɓi kuɗin ta ƙulle a bakin zane, ta nufi wajen mai magani. Idan ta dawo saye da damina da wuya ta sake ganin wannan tozon. Farkon Suratul Muɗaffifina a kan wannan hali ya sauka, wato masu cika awo idan za su karɓa daga mutane, su tauye idan za su ba su. Ba kowane mai awo ne haka ba, na san masu tsoron Allah a cikinsu, amma mai sayarwa cikin matsi ba shi da bakin da zai yi jayayya da tiyar kowa.

Tiyar hatsi tana kai kimanin kilo biyu da rabi, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Farashi yana canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka misali kawai zan ɗauka domin lissafin ya fito fili. A ce da kaka tiya tana sefa 500, wato dala ɗari, da damina kuma ta kai 800. Mutumin da ake bi jika ashirin, wato sefa 20,000, a Nuwamba, sai ya fitar da buhu guda cur kafin ya biya. Idan ni ɗan'uwansa na jira sai Agusta na tura masa jika ashirin, tiya 25 zai saya da su. Kuɗin ɗaya ne, daga aljihu ɗaya suka fito, amma tiya 15 sun salwanta tsakanin lokutan biyu, wanda a gida mai mutum goma abincin mako guda ne ko kusa da haka. Wannan ma ba ita ce babbar hasarar ba. Makon da babu abinci a gida yana faɗowa ne daidai lokacin noma da maimai, sai maigida da manyan ƴaƴansa su bar gonarsu su tafi barema a gonar mai hali domin su samo abin da za a dafa da dare. Kafin su dawo ciyawa ta rufe tasu shukar, kaka mai zuwa ta zo da ƙasa da ta bara, bashi kuma ya ƙaru. Haka gida yake gangarawa a hankali, ba tare da an yi fari ko ambaliya ba.

Ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu na ƙauye yanzu, shi ya buɗe mini ido a kan dalilin da ya sa ba ma jin wannan buƙata a kan lokaci. Muna zaune a zaure bayan la'asar, na ce masa: "Baba, a cikin shekara wane lokaci ne kuɗi suka fi yi muku amfani?" Ya daɗe yana murza casbaha kafin ya amsa. Ya ce: "Ɗana, in ka ba ni da damina na gode, ka rufa mini asiri. Amma da za ka ba ni ranar da mai bashi ya yi sallama ina ɗaurin dami, da ba ka ji kirana ba da damina." Na ce: "To Baba, me ya hana ku faɗa mana?" Ya ce: "Wa ke roƙo rumbu cike? Sai a ce kwaɗayi ne." Wannan amsa ta zauna mini a rai. Al'adarmu ta yarda mutum ya kai kuka idan abinci ya ƙare, amma ba ta ba shi fuskar da zai nemi taimako ana ganin dammunan hatsi a ƙofar gidansa ba. Ke nan idan mu da ke birni ba mu fara tambaya ba, babu wanda zai faɗa mana, kuma za mu ci gaba da zaton cewa kaka lokacin hutawa ne daga ɗawainiyar gida.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato da yawa daga cikinmu ba jira kaɗai muke yi ba, saye muke yi. Mai ɗan hali yakan ware kuɗi da kaka ya sayi buhu goma ko ashirin ya jibge a ɗaki, wasu na ci, wasu na sayarwa idan farashi ya hau, kuma wurin da ya fi masa sauƙin saye shi ne garinsu, wurin danginsa, inda ba za a cuce shi a awo ba. Ba na cikin masu cewa ajiye hatsi haramun ne gaba ɗaya. Shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bai wa mutanen Masar ita ce su bar abin da suka girbe cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari da ke tafe, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin wanda ya ajiye abin da ya noma ko ya saya lokacin yalwa ba tare da ya cutar da kasuwa ba, da wanda ya kwashe abinci ya ɓoye mutane suna cikin tsananin buƙata domin ya tsawwala musu. Na biyun ne hadisin da Muslim ya ruwaito ya kira mai laifi. Ɗan kasuwa yana da amfaninsa: da babu mai saye da kaka, da farashi ya fi haka faɗuwa, da kuma babu wanda ya ajiye, da ba a sami na saye da damina ba.

Ribar tasa ma ba kullum take tabbata ba. Maraɗi gari ne da fatauci ya gina, tun zamanin gyaɗa har zuwa lokacin da farin shekarun 1970 ya karya ta, alhazai suka mayar da ƙarfinsu ga ciniki da Najeriya. Har gobe farashin tiya a nan yana sauraron abin da ake ciki a Jibiya da Dawanau, da kuma canjin naira da sefa. Dattawa suna tuna yunwar 1984 da sunan El Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin, mu kuma mun ga rufewar Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wadda ta biyo bayan Yulin 2023. A shekarar da naira ta faɗi ko aka yi albarka a Najeriya, ko kuma OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar abinci, ta fito da hatsi mai rahusa, wanda ya tara buhuna yana iya tashi da hasara. Saboda haka ban ɗauki kowane mai sito a matsayin azzalumi ba.

Sai dai wanda ya ga 2005 da wayonsa ba zai yarda cewa kasuwa tana gyara kanta ba tare da ta taka kowa ba. Bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwannin Maraɗi ba. Yana nan a tsibe, abin da ya ɓace shi ne ikon sayensa. A wannan shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a wannan jihar tamu da ake kira rumbun ƙasa. Gidaje da yawa sun sayar da awakinsu a wulaƙance, sun jinginar da gonaki, kuma akwai gonakin da har yau ba su dawo hannun masu su ba. Ba baƙi ne suka karɓi dukan jinginar nan ba. Wasu maƙwabta ne, wasu dangi.

Wannan ya kawo ni ga bashin damina, wanda shi ne tushen sayarwar kaka. Yana da fuskoki da yawa. Akwai wanda yake ba da tiya ɗaya a watan Agusta a biya shi biyu da kaka, wannan kuwa babu malamin da ya yi saɓani a kansa, rance ne da ya jawo ƙari, riba ce tsagwaronta ko da ba a ambaci kuɗi ba. Akwai wanda yake ba da kuɗi bisa sharaɗin a kawo masa buhu idan an girbe. Shari'a ta halatta irin wannan ciniki, shi ne salam, matuƙar an biya kuɗin gaba ɗaya kuma an san awo an san lokaci. To amma farashin da ake yanka wa mutumin da yaransa suka kwana da yunwa yakan yi ƙasa da na kaka ɗin ma, kuma yana karɓa ne domin ba shi da mafita. Ba banza ba mutane suke kiran irin wannan bashi a-ci-ba-daɗi. Ciniki yana iya cika sharuɗɗan da ke cikin littattafan fiƙihu amma ya rasa jin ƙai, alhali Manzon Allah ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi idan ya sayar, da idan ya saya, da idan ya nemi a biya shi.

Matsayina a kan saye daga dangi shi ne wannan. Idan ɗan'uwana ya noma rara, ya kawo kasuwa da son ransa, babu laifi in saya a farashin ranar. Amma idan na san cewa buhun da yake miƙo mini daga cikin abincin gidansa ya fito, na kuma san zai dawo neman sa da damina, to cewa "haka kasuwa take" ba ta wanke ni ba, domin na san abin da baƙon ɗan kwarami bai sani ba. Na san adadin bakunan da ke gidan, na san girman rumbun. Cin riba da wannan sani shi ne abin da zuciyata ta ƙi. Ya fi muni idan daga cikin ribar nan ne zan ɗebi kaɗan in aika da damina, a yi ta sa mini albarka a zaure ana cewa ɗan gidan nan bai manta da gida ba.

Nauyin duk wannan a kan mata yake ƙarewa. A ƙauyuka da yawa na yankin nan, idan an gama kaka maigida yakan ɗebi abin da zai ɗiba ya rufe rumbun gandu, ba za a sake buɗe shi ba sai ruwa ya sauka, domin a sami ƙarfin noma. Shi ya tafi bida, matan kuma su ci da kansu da yara daga ɗan abin da suka samu a gamanarsu, wato ƴar gonar da suke noma wa kansu, da sana'ar ƙuli-ƙuli ko ƙosai, da jar akuyar da ake sayarwa idan ciwo ya zo. Duk buhun da ya fita da kaka, a ƙwaryar furarsu ake fara ganin gurbinsa. Saboda haka wanda zai tambayi halin da gida yake ciki, kada ya tsaya ga maza a zaure. Ya shiga ciki ya gaida Inna da Gwaggo, su ne suka san gaskiyar lissafin.

Ba sai mun je nesa neman dabara ba, domin a ƙasar nan aka gwada biyu daga cikin mafi inganci. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya ɗauki adashin da iyayenmu mata suka sani ya ƙara masa tsari: zubi kowane mako, akwati mai makulli, rance ga ƴar ƙungiya idan buƙata ta taso, rabo a ƙarshen zango. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Na biyu shi ne jinginar hatsi da ake kira warantaj, wadda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta taimaka aka shigo da ita Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Manoma suna tara amfaninsu da kaka a sito guda, a sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. A ba kowa wani kaso na kimar hatsinsa ya biya buƙatunsa, idan ya biya rancen bayan watanni sai ya karɓi buhunansa lokacin da suka yi daraja. Ni kaina ban natsu da ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen ba, kuma na san mutane da yawa da wannan ne ya hana su shiga. Amma asalin tunanin daidai ne, wato a raba manomi da tilascin sayarwa a ranar da farashi ya fi faɗuwa. Abin da asusu yake yi da ƙari, dangi suna iya yin sa ba tare da ƙarin ko dala ba.

Na san abin da mai albashi zai ce, domin ni ma a cikinsa nake: Oktoba ne watan da ya fi kowane matse mu, ga kuɗin makarantar namu yaran, ga haya, ga wuta da ruwa. Gaskiya ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan kowannenmu yana cikin adashi a wurin aiki ko a unguwa, kuma mukan yi rige-rigen ɗauka kafin babbar salla saboda rago. Mutum yana iya roƙon a sa ɗaukarsa a Satumba ko Oktoba. Ƴan'uwa uku ko huɗu da ke birni suna iya haɗa abin da kowa ya saba aikawa da damina, su kai shi da kaka a dunƙule. Ɗan kasuwar da zakkarsa ta faɗo kusa da wannan lokaci ya tuna cewa waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas da Alƙur'ani ya ambata, kuma sadaka ga dangi lada biyu gare ta, na sadaka da na sada zumunci.

Wani zai ce idan aka ba da kuɗi da kaka, a biki za su ƙare, ko maigida ya ƙara aure, da damina kuma a sake kira. Wannan yana faruwa, ba zan musa ba. Maganinsa shi ne kada a miƙa kuɗi a sake, a tambayi wane ne yake bin gidan bashi da nawa, a je a biya shi kai tsaye, a sayi kayan makarantar yara a birni a kai. A madadin haka kuma a yi yarjejeniya a fili cewa buhu kaza ba za a taɓa su ba sai watan kaza. Idan hatsi ne a dami, rumbu yana riƙe shi lafiya. Idan wake ne, wanda ƙwari ke cinyewa cikin ƴan watanni, akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maraɗi suka yi aiki a kansa, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba. Makulli kuma a ba wanda kowa ya amince da shi, sau da yawa tsohuwar gidan ta fi kowa iya riƙe shi.

Dole ne kuma tun farko a faɗi ko kyauta ce ko rance, domin na ga gidajen da zumunci ya lalace saboda mai bayarwa yana lissafin bashi, mai karɓa yana lissafin alheri. Idan rance ne a rubuta, da shaidu. Mutanenmu suna ganin rubutu tsakanin ƴan'uwa alamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Shafi guda a littafin ɗan makaranta ya isa, da boko ko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban mutane biyu. Abin da za a rubuta shi ne abin da aka bayar, idan jika ashirin ne jika ashirin za a mayar, ba buhu ba, domin ƙarin darajar hatsin na wanda ya noma shi ne.

Saura shekarar da lissafi ya juya, farashi bai hau da damina ba ko ma ya faɗi. A irin wannan shekarar ɗan'uwan da ya riƙe hatsinsa bai ci ribar komai ba, ga kuma rance a wuyansa, yana iya ma ganin da ya sayar tun kaka da ya fi masa. A ganina bai kamata a matsa masa ya fitar da hatsin domin ya biya ba, tun da hana fitar da shi ne dalilin rancen tun farko, kuma aya ta 280 a wannan surar ta yi umarnin a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta ƙara da cewa yafewa ta fi alheri. Sai a bar iyali su ci abincinsu su yi nomansu a gonarsu, a ɗaga biyan zuwa lokacin da wake ko aya ko riɗi suka shigo, waɗanda dama don sayarwa ake noma su. Wanda yake da hali ya yafe wani kaso ko duka, sa'an nan a rubuta abin da aka yafe a ƙarƙashin rubutun farko da sa hannun shaidun, domin kada magada su tarar da takardar wata rana su tayar da maganar da iyayensu suka riga suka kashe.